Amfani da Fasahar Zamani Wajen Horas da Ma'aikatan Gwamnati

Sanin kowa ne cewa duk wata manufa da gwamnati ta tsara, komai kyawunta a takarda, sai ta bi ta hannun ma'aikaci kafin ta isa ga talaka. Akawu ne zai buɗe fayil ɗin mai neman fansho, ma'aikaciyar lafiya ce za ta auna jariri ta kuma rubuta abin da ta gani, malamin gona ne zai shiga gona ya nuna wa manomi tazarar shuka da lokacin zuba taki. Idan waɗannan bayin Allah sun san aikinsu, jama'a su gani a ƙasa. Idan kuwa aka bar su da ilimin da suka shigo da shi shekara ashirin da suka wuce, to tsohon da ke jiran haƙƙinsa shi zai yi ta zarya a sakatariya har takalminsa ya suɗe, alhali babu wanda ya yi nufin cutarsa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'a, musamman ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, bayani game da yadda kwamfuta da wayar hannu da intanet ke sauya hanyar horas da ma'aikata, da irin amfanin da ake samu, da kuma wuraren da ya wajaba a yi hattara.

Yadda aka saba yi

Horas da ma'aikata ba baƙon abu ba ne a wannan yanki namu. Tun a shekarar 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a 1954, daga bisani kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A can aka horas da ɗimbin ma'aikatan En'e da na Gwamnatin Jihar Arewa waɗanda suka karɓi aiki daga hannun Turawa. Bayan yaƙin basasa, Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horas da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a 1971, wanda hedkwatarsa ke Jos, kuma dokarsa ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata da abin ya shafa su riƙa ba da kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a shekara domin aikin horaswa. Sai Kwalejin Horas da Manyan Ma'aikata ta ASCON da ke Badagry a 1973, da rahoton Kwamitin Udoji na 1974 wanda ya ƙarfafa batun horo a aikin gwamnati, da kuma Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Kuru a 1979.

Dukkan waɗannan cibiyoyi an gina su ne bisa tsari guda, wato ma'aikaci ya bar teburinsa, ya yi tafiya, ya zauna a aji na tsawon kwanaki ko watanni, sannan ya dawo. Tsarin yana da alherinsa, domin mutum yakan sami natsuwa, ya kuma haɗu da takwarorinsa na wasu jihohi su ƙaru da juna. Manyan ma'aikatanmu da yawa nan suka bi, kuma har gobe ana bukatar irin wannan zama.

Sai dai kuma tsarin yana da tsada. Kafin a biya malamin da zai koyar, sai an biya kuɗin mota da na masauki da na abinci da hayar ɗakin taro, ta yadda sau da yawa abin da aka kashe a kan ɗawainiya yakan zarce abin da aka kashe a kan ilimin kansa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 lamarin ya ƙara nauyi. Sakamakon haka shi ne 'yan ƙalilan ke samun zuwa, kuma galibi waɗanda ke hedkwata kusa da idon manya. Ma'aikacin da ke ƙaramar hukuma mai nisa yana iya yin shekaru bai ji an kira sunansa ba. Haka nan ma'aikaciya mai goyo, ko wadda ba za ta iya barin gida ta yi mako guda a wani gari ba, sau da yawa ita da kanta ke janyewa, kuma idan aka zo ƙarin girma sai a ga ba ta da takardun da abokan aikinta maza suka tara.

Domin a rage wannan giɓi aka ɓullo da dabarar nan ta horas da masu horaswa. Akan tara wasu 'yan jami'ai a babban birnin jiha a koya masu, su kuma su koma su koya wa na ƙananan hukumomi, na ƙananan hukumomi su koya wa na gundumomi. Duk wanda ya san yadda saƙon baka ke tafiya ya san abin da ke biyo baya. Darasin kwana biyar a sama yakan koma na kwana biyu a tsakiya, kafin ya kai ƙasa ya zama jawabin sa'a guda da raba takardu.

Akwai kuma wata matsala da ba ta da alaƙa da kuɗi, ita ce mantuwa. Wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa bincikensa a 1885, inda ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum zai manta daga sabon karatu yana zubewa ne a cikin sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa jefi-jefi ita ke sa ya zauna. Mu da muka taso a makarantar allo ba mu bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan, domin babu malamin da zai ba almajiri izu guda a rana ɗaya ya sallame shi. Sai an biya kaɗan, an hardace, an wanke allo, an kuma riƙa komawa tilawar baya. Bitar kwana uku da ake cusa wa ma'aikaci darussa goma sha biyu, sannan a ƙi waiwayarsa har shekara ta zagayo, ta saɓa wa wannan ƙa'ida gaba ɗaya.

Daga majigi zuwa wayar hannu

Kai ilimi inda mutum yake ta hanyar na'ura shi ma yana da tarihi a wajenmu. Dattawa za su tuna da motar majigi da ke shiga garuruwa ana nuna tsafta da noman zamani, da kuma shirye-shiryen rediyo da suka daɗe suna ilimantar da manoma da malaman gona. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, wadda ta bai wa ɗimbin malaman firamare damar ƙaro ilimi suna bakin aikinsu, ta hanyar littattafan da ake aika masu da haɗuwa a cibiyoyin karatu ranakun hutu. Wannan shi ne tushen abin da muke magana a kai, sai dai a wancan lokacin takarda ce ke ɗauke da saƙon.

Shekarar 2001 ce ta kawo babban sauyi. A cikinta aka fitar da manufar ƙasa kan fasahar sadarwa tare da kafa hukumar NITDA, a watan Agustanta kuma kamfanonin wayar salula suka fara aiki. Kafin lokacin layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai miliyan ɗaya ba, amma a yau sun haura miliyan 100 nesa ba kusa ba. An farfaɗo da Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa a 2002, sannan a 2004 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta kafa cibiyar horaswa ta DBI, wadda ke da reshe a Kano. Duk da haka, ofisoshi da yawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba sai da annobar korona ta ɓulla. A watan Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa da su zauna a gida, jihohi da dama suka bi sahu, a watan Mayu kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta fara zamanta ta hoton bidiyo. Daga nan ne jami'an da a da suke ganin ba a taro sai an haɗu suka gane cewa ana iya yi.

Abin da na'urorin ke yi

Na farko da ya kamata a fahimta shi ne abin da za mu kira rumbun darussa. Manhaja ce da ake girkawa a kan babbar kwamfuta, a zuba mata darussa na rubutu da murya da bidiyo, a kuma yi wa kowane ma'aikaci rajista da sunansa da lambar sirri. Idan ya shiga, zai ga darussan da suka shafi aikinsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshen kowanne ya amsa 'yan tambayoyi, na'urar ta faɗa masa nan take inda ya dace da inda ya kuskure. Ita kuma hukuma tana ganin wanda ya fara, da wanda ya gama, da tambayar da ta fi kayar da mutane. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan aka ga mafi yawan akawuna suna faɗuwa a kan tambaya guda game da lissafin hutun shekara, to an gano cewa ko dai darasin bai fito ba, ko kuma ita takardar umarnin ce ke da ruɗani. A ɗakin taro ba a cika gano irin wannan ba, saboda kunya takan hana babba ya ɗaga hannu a gaban ƙannensa ya ce bai gane ba. Fitacciya daga cikin irin waɗannan manhajoji ita ce Moodle, wadda wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ya fitar a 2002. Kyauta ce, ba a biyan kuɗin lasisi, amma fa sai an tanadi inda za a girka ta da kuma ma'aikacin da zai riƙa kula da ita.

Na biyu shi ne gajeren darasi ta wayar hannu, kuma a ganinmu shi ya fi dacewa da halin da mafi yawan ma'aikatanmu ke ciki. Mu ɗauki misalin ma'aikaciyar ƙaramin asibiti a karkara wadda ke cike rajistar allurar rigakafi kowace rana, a ƙarshen wata kuma ta tattara alƙaluman a takardar rahoto ta aika wa ƙaramar hukuma, inda jami'in tattara bayanai zai shigar da su cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, kuma Nijeriya ke amfani da ita wajen tara alƙaluman lafiya. Idan wannan ma'aikaciya ba ta fahimci wane yaro ake ƙirgawa a wane layi ba, kuskurenta zai haura har sama, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake tsara yawan maganin da za a aiko. Ƙarshenta a kawo wa wani gari fiye da bukatarsa ya lalace, wani garin kuma iyaye mata su zo da 'ya'yansu a ce masu ya ƙare. A tsohon tsari sai ta jira bitar da ƙila ba za a kira ta ba. A sabon tsari ana iya aika mata da bidiyo na minti huɗu wanda ke nuna hannu yana cike takardar layi bayan layi da bayani cikin Hausa, ta kalle shi ranar da za ta yi rahoton, ta tsayar, ta koma baya, ta sake kallo. Bayan mako biyu a aiko mata da tambayoyi uku domin tishi. Ilimin ya same ta a daidai lokacin da take bukatarsa, kuma bakin da ya yi wa na birni bayani shi ne ya yi mata, ba tare da an rage komai a hanya ba.

Ya kamata a lura cewa bidiyo yana cin data sosai, sau da yawa ninki goma ko fiye na abin da saƙon murya mai tsawo ɗaya zai ci. Saboda haka duk darasin da kunne kaɗai zai iya ɗauka, kamar bayanin sabuwar takardar umarni ko ladubban karɓar jama'a, gara a yi shi da murya, a bar bidiyo ga abin da sai ido ya gani.

Na uku shi ne koyo ta hanyar gwaji. Matuƙan jirgin sama sun daɗe da wannan, domin tun a 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera na'urar da ɗalibi zai zauna ciki ya koyi tuƙi yana ƙasa, kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana amfani da irin waɗannan na'urori na zamani. Hikimar ita ce mutum ya yi kuskure a inda kuskuren ba zai cutar da kowa ba. Haka ya kamata a yi wa ma'aikatan baitulmali da na biyan albashi da na haraji, yanzu da aikin kuɗi ya koma kan kwamfuta, musamman tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS a 2007, ta kuma tabbatar da asusun bai-ɗaya a 2015, jihohi da dama kuma suka ɓullo da nasu tsare-tsaren. Ana iya buɗe kwafin manhajar na gwaji mai ɗauke da sunaye da alƙaluma na ƙage, sabon ma'aikaci ya yi ta shigarwa yana ɓatawa yana gyarawa har hannunsa ya faɗa. Ba daidai ba ne ranar farko da mutum zai taɓa manhajar albashi ya kasance albashin jama'a na gaske ne a gabansa.

Taro ta hoton bidiyo kuwa kowa ya san shi yanzu. Yana da amfani wajen tambaya da amsa da gajeren bayani, amma idan ya wuce sa'a guda ko biyu hankali yakan tafi, a bar na'ura kunne mai ita yana wani wuri.

Inda babu intanet mai ƙarfi ma akwai mafita. Ana iya ajiye ƙaramar kwamfuta a sakatariyar ƙaramar hukuma ko babban asibiti, a haɗa ta da farantin hasken rana da batir, a zuba mata darussan gaba ɗaya, ita kuma ta riƙa watsa su ga wayoyin da ke cikin harabar ba tare da an kashe ko kwabo na data ba. Manhajar Kolibri an gina ta ne domin irin wannan aiki, ita ma Moodle tana barin a sauke darasi a waya a karanta daga baya. Game da jarrabawa kuma, tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, manyan garuruwanmu sun sami cibiyoyi masu ɗaruruwan kwamfutoci waɗanda ke zaman banza a mafi yawan watannin shekara, kuma babu abin da zai hana a riƙa hayarsu domin jarrabawar ma'aikata.

Tun daga ƙarshen shekarar 2022, lokacin da ChatGPT ta fito, an kuma sami manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya da tsara rubutu. Suna taimaka wa mai shirya darasi wajen zana tambayoyi ko taƙaita doguwar takarda, amma sukan faɗi abin da ba haka ba cikin cikakken ƙarfin hali, har su ƙago lambar dokar da babu ita. Duk abin da suka fitar game da dokokin aiki ko na kuɗi sai jami'in da ya san littafin ya duba shi, kuma bai halatta a zuba masu takardun sirri na ofis ba.

Wuraren da ake tuntuɓe

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da sayen kaya. Wanda ya zagaya ofisoshi a ƙasar nan ba zai rasa ganin ɗakin da aka jera kwamfutoci an lulluɓe su da leda ba, makulli yana aljihun mutum guda, ba wuta, ba darasi a cikinsu, har su tsufa ba a more su ba. Wannan shi ne ci gaban mai haƙan rijiya. Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce wane aiki ne ake yi ba daidai ba, su wa ke yin sa, kuma rashin sani ne ya jawo ko rashin kayan aiki. Idan asibiti ba shi da takardar rahoto, ko an nuna wa ma'aikaciya bidiyo ɗari ba za ta cike abin da babu ba.

Sai batun harshe. Turanci ne harshen aikin gwamnati, amma ƙananan ma'aikata da yawa, irin su direbobi da masinjoji da masu gadi da masu taimaka wa ma'aikatan jinya, sun fi fahimta idan aka yi masu bayani da Hausa, wasu kuma da Fulfulde ko Kanuri ko wani harshen nasu. Su ne kuma suka fi cuɗanya da jama'a, su ne tsohon tsari ya fi mantawa da su. Darasin da aka sayo daga ƙasar waje, mai misalan da ba su yi kama da ofisoshinmu ba, da wuya ya yi masu amfani. Ya fi kyau a ɗauki muryar wani gogaggen ma'aikaci namu yana bayani da bakinsa. Idan kuma rubutu ne, a kula da haruffan nan masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda wayoyi da kwamfutocin yanzu ke iya rubutawa, domin rashinsu yakan sauya ma'ana.

Akwai wani lamari da ba a cika son a faɗa a fili ba, amma faɗarsa ta fi. Ga ma'aikaci mai ƙaramin albashi, zuwa bita hanya ce ta samun 'yan kuɗin alawus da zai toshe wata kafa, don haka idan aka ce an mayar da bitar kan waya, abin da zai fara ji shi ne an datse masa wannan hanya, an kuma ɗora masa sayen data daga aljihunsa. Ba shi da laifi idan ya ji haka. Duk hukumar da ta ɗauki kuɗin da ta rage daga sufuri da masauki ta kai wani wuri, ta bar ma'aikaci da cajin waya da sayen data da karatun dare bayan ya tashi daga aiki, kada ta yi mamaki idan shirin ya mutu. Adalci shi ne hukuma ta ɗauki nauyin data, ta ware sa'o'in karatu a cikin lokacin aiki, ta kuma sa kammala darussan ya zama abin dubawa wajen ƙarin girma, ta yadda na ƙauye da na birni, mace da namiji, za su tsaya a layi ɗaya.

Idan kuwa aka haɗa takardar shaida da ƙarin girma, to dole a tsare ta. Ba abin mamaki ba ne mutum ya miƙa wa ɗansa waya ya latsa masa darussan har ƙarshe, na'ura ta fitar da takarda mai kyau da sunansa. Shi ya sa jarrabawar ƙarshe ta kamata a yi ta a cibiya, da katin shaida, gaban masu sa ido. Wani malami Ba'amurke mai suna Donald Kirkpatrick ya fitar da ma'auni a 1959 wanda har yanzu ake amfani da shi, inda ya ce a duba ko mahalarta sun gamsu, a duba ko sun koyi wani abu, a duba ko halinsu a wurin aiki ya sauya, sannan a duba ko hukumar ta ga sakamako. Na'ura ta ƙware a kan biyun farko, tana ba da alƙaluma masu daɗin sawa a rahoto. Biyun ƙarshe kuwa sai shugaban sashe ya tashi daga kujerarsa ya duba ko fayil ɗin da ke yin wata uku yanzu yana fita cikin mako biyu, ko kurakuran rahoton wata sun ragu. Idan shugaba bai san abin da aka koya wa yaransa ba, ko kuma ya nace a ci gaba da yi yadda aka saba, horon ya tashi a banza ko da wace irin na'ura aka yi shi.

Hakazalika akwai ayyukan da ba a koyonsu sai hannu da hannu. Karɓar haihuwa, gyaran famfon burtsatse, kashe gobara, sasanta mutane biyu da suka zo ofis a fusace, duk waɗannan bidiyo yana iya share fage ne kawai. Hanyar da ta fi ita ce a haɗa biyun: a aika da karatun tun kafin ranar haɗuwa, ta yadda bitar kwana biyar za ta koma ta kwana biyu da za a ƙarar wajen gwaji da tambayoyi, sannan a ci gaba da tishi ta waya.

Dattawan ma'aikata da ba su saba da na'ura ba suna bukatar a bi da su cikin girmamawa. Yawancinsu suna sarrafa WhatsApp lafiya lau, abin da suke gudu shi ne a kunyata su a gaban yara. Haɗa kowane dattijo da matashi guda a ofishinsu, wannan ya nuna latsawa, wancan ya nuna aiki, yakan warware matsalar cikin 'yan makonni. Sannan tun da rumbun darussa yana ajiye sunaye da lambobin waya da sakamakon jarrabawar mutane, ya zama wajibi a kiyaye tanade-tanaden Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, a kuma iyakance waɗanda ke da ikon ganin makin wani.

Ilimin da ke shirin fita daga ofis

A mafi yawan sassan aikin gwamnati ma'aikaci yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Kowace shekara akwai masu tafiya da abin da ba a rubuta a kowane littafi ba: jami'in ƙasa da safiyo da ya san tarihin iyakokin filaye, injiniyan ruwa da ya san inda tsofaffin bututai suka bi a ƙarƙashin gari, ma'ajin da ya san dalilin kowane layi a cikin littafin kuɗi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sau da yawa sai bayan an yi masu walimar ban-kwana ake tuna cewa ba a tambaye su ba.

Wannan fanni ne da kowace ma'aikata za ta iya farawa da shi ba tare da jiran kasafin kuɗi ba. Sashen mulki ya riga ya san waɗanda za su yi ritaya cikin shekara mai zuwa. Abin da ya rage shi ne a zaɓi matashin da zai gaji kowannensu, a ba shi waya mai kyamara da jerin tambayoyi, su riƙa zama sa'a guda a mako, dattijon yana bayani yana nunawa a kan taswira ko fayil ko injin. A yanka abin da aka ɗauka gajeru-gajeru, a sa wa kowane yanki suna da kwanan wata, wani babban jami'i ya saurara ya cire abin da doka ta riga ta sauya, sannan a ajiye kwafi biyu, ɗaya a sashen da abin ya shafa, ɗaya a ofishin kula da horas da ma'aikata.